Damben Keji Ya Iso Bayan Gidanmu

Ran wata Asabar da yamma, bayan an gama yankan dawa, na biyo ta bayan gari a Dutsen Abba, sai na hango yara maza wajen goma sun yi da'ira a wani fegi, biyu suna tsakiya. Na ce a raina, to, kaka ta yi, yara sun fara dambe kamar yadda muka yi a zamaninmu. Da na matso kusa sai na ga abin ba haka yake ba. Ba wanda ya naɗe hannu. Babban ya ka da ƙaramin, ya hau ruwan cikinsa yana ta kirɓa masa naushi a fuska, sa'an nan ya juya shi, ya saƙalo wuyansa ta baya, ya matse. Wani kuma yana tsaye da wayar yayansa yana ɗaukar hotonsu.

Na daka musu tsawa, suka rabu. Ƙaramin ya tashi yana tari, idanunsa jawur. Na ce wa babban, "Kai, ɗan gidan wa ne kai? Wa ya koya maka dukan wanda ya riga ya faɗi?" Ya ce, "Baba, ai ba faɗa muke yi ba, UFC ne. Bai buga ƙasa da hannu ba, shi ya sa ban sake shi ba." Na juya wajen ƙaramin na ce, "Kai kuma don me ba ka buga ba?" Ya ce, "Ban san ana bugawa ba, Baba."

Wannan amsa ita ce ta hana ni barci a daren nan, ita ce kuma ta sa na rubuta muku wannan bayani. Yaran nan ba 'yan iska ba ne. Na san iyayen waɗansunsu, har akwai wanda yake cikin ƙungiyar mawaƙan yara a majami'armu. Abin da suka gani suke kwaikwayo, amma rabinsa kaɗai suka gani.

Mene ne wannan wasa?

Iyaye da yawa sun taɓa leƙa wayar yaro suka ga mutum biyu cikin wani keji mai kusurwa takwas, ba riga, ba takalmi, suna naushi da shuri da kokawa gaba ɗaya. Turawa suna taƙaita sunan wasan da haruffa uku, MMA, watau faɗan da aka gauraya dabarun dambe da na kokawa da na shuri da na murɗe gaɓa. Mu dai sai mu ce masa damben keji. UFC da yara suke ambata sunan babban kamfanin da yake shirya shi ne a Amurka.

An yi gasarsu ta fari a birnin Denba cikin watan Nuwamba na shekara ta 1993. Mutum takwas suka shiga, ba a raba su bisa ga nauyin jiki ba, an dai hana cizo da tsokane ido. Wanda ya ci wani ɗan ƙasar Barazil ne mai suna Royce Gracie, ba ƙato ba, da riƙo da shaƙa ya ka da waɗanda suka fi shi jiki. Abin ya tayar wa mutane hankali ƙwarai, har wani ɗan majalisar dattawan Amurka, John McCain, ya kwatanta shi da faɗan zakaru, ya nemi a hana. Jihohi da yawa suka hana. Sai da aka tsara dokoki wajen shekara ta 2000 zuwa 2001 aka fara sake yarda da shi: a auna nauyin kowa, a sa safar hannu, turmi ya zama minti 5, a hana dukan ƙeya da na gaba, a hana shurin kan wanda yake ƙasa, likita ya zauna a bakin keji. Wanda aka shaƙe ko aka murɗe, in ya buga hannu a jikin abokin karawarsa ko a ƙasa, nan take alƙali zai raba su. Jihar Niyok ba ta yarda ba sai a 2016, ƙasar Faransa kuwa sai a 2020.

Ku lura fa, manyan mutane ne, da likitoci da lauyoyi, suka yi shekaru suna gardama kafin a bar ƙarti su yi wannan wasa. Mu kuwa ya shigo mana ta waya da gidan kallo, ba wanda ya tambaye mu. Manyan karawar da ake yi a Amurka daren Asabar, a nan sukan faɗo wajen ƙarfe uku ko huɗu na asubahin Lahadi. In malamar makarantar Lahadi ta ga wani saurayi yana gyangyaɗi, wataƙila ba karatu ya kwana yi ba. Ƙanana kuwa guntaye suke gani, na daƙiƙa talatin, inda aka yanko bugun da ya sumar da mutum kaɗai. Ba a nuna musu shekarun horo, ba a nuna likita, ba a nuna watannin jiyya.

Mu ma muna da namu

Kada wani ya ce faɗan wasa baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Mu da muka yi yarinta a Zariya cikin shekarun 1970 mun tuna yadda muke fitowa daga kallon fim ɗin Bruce Lee muna ta shure-shure a titin Tudun Wada, kowa yana ihu da harshen da bai sani ba. Bayan haka aka zo ana nuna kokawar Turawa a talabijin, ana ta zancen Power Mike. Kafin waɗannan duka akwai langa, akwai kokawa a dandali, akwai dambe.

Dambe tun asali an san shi da mahauta ne. In an gama aikin gona sai su bi ƙauyuka, inda ake biki su yanka nama, samarinsu su kara da samarin garin, ana kaɗa kalangu. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da igiya, shi ne kara, da shi yake bugu, ɗaya hannun kuwa yana miƙe shi gaba yana kāre kansa. Turmi uku ake yi. In hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da yake ba mutuwa ake nufi ba. Daga nan ba wanda zai ƙara taɓa shi. Wanda ya bugi mutum a ƙasa ya ci mutuncin kansa da na ubangidansa.

Wannan maganar ubangida ita ce nake so mu tsaya a kai. Ku saurari sunayen 'yan dambe in ana ba da labarinsu a rediyo: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Kusan kowa yana ɗauke da sunan wanda ya rene shi a sana'ar. Yaro ba ya tashi rana ɗaya ya faɗa fili. Zai daɗe yana bin manya, yana riƙe musu kaya, yana kallon yadda ake naɗa kara, har ubangidansa ya ga ya isa, ya zaɓa masa sa'ansa. Yana kuma da ɓangare, ko Kudu, ko Arewa, ko Jamus, ko Guramaɗa, in ya yi abin kunya ɓangaren duka ya shafa. Akwai sarkin dambe, akwai masu rabo, akwai makaɗi wanda zai ɗaukaka shi ko ya yi masa zambo. Shago ya yi suna da hannunsa, amma waƙar Ɗan Anace ce ta sa har jikokinmu suka san shi. Watau ƙarfin saurayi yana da lokacinsa, da filinsa, da shaidunsa, da wanda zai ce ya isa.

Kokawa ma haka take, ta kuwa fi sauƙin haɗari, gama ba a bugu. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauke ta da daraja ƙwarai. Tun 1975, da aka yi gasar ƙasa ta fari a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci, ake taruwa ana neman takobi. Kowace jiha tana turo 'yan kokawa goma, ƙasar duka tana bin karawar ta rediyo da talabijin, Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Babarbare suna zaune a inuwa ɗaya. Wanda yake tambaya ko faɗan wasa yana da wani amfani ga jama'a, ya je can ya gani.

Ba na cewa dambenmu tsarkakakke ne. An sha fasa muƙamuƙi, an sha zubar da haƙora, waɗansu tsofaffin 'yan dambe kuwa in kun zauna da su za ku ji maganarsu ba ta fita sosai. Akwai shan wiwi da ƙwaya a gefen fili, akwai caca. Akwai kuma layu da tsaga hannu a cusa magani, abin da gidan mai bi ba zai yarda ɗansa ya shiga ba. Tun 2017 ma da waɗansu suka fara ɗora karawar a YouTube da sunan Dambe Warriors, miliyoyin mutane suna kallo daga ƙasashen waje, shi ma dambe ya fara zama guntayen hotuna a waya. Amma dokar nan ta wanda ya faɗi ba a dukansa tana nan, ita ce kuwa yaran da na iske a fegi ba su taɓa ji ba.

Zakaru uku da yara suke ambata

Dalilin da ya sa wasan ya kama zuciyar yaranmu ba boyayye ba ne. Cikin shekara ta 2021 'yan Afirka uku suna riƙe da kambin UFC a lokaci ɗaya, biyu kuwa haifaffun Nijeriya ne. Kamaru Usman, wanda aka haifa a Auchi a 1987, ya ci nasa a watan Maris na 2019. Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya tabbatar da nasa a watan Oktoba na wannan shekara. Francis Ngannou na ƙasar Kamaru ya bi bayansu a watan Maris na 2021. Yau ba ko ɗayansu da yake riƙe da kambin UFC, amma sunayensu suna bakin yara.

Labarin Ngannou ya isa a faɗa wa kowane yaro. A ƙauyen Batié ya tashi cikin talauci, tun yana wajen shekara 10 yake haƙar yashi don kuɗin makaranta. Ya sha faɗa cewa an san mahaifinsa da faɗan kan titi, shi kuwa ya ƙudura ba zai gāji wannan suna ba, ya ƙi shiga ƙungiyoyin 'yan daba da suka neme shi. Ya ratsa Nijeriya da Nijar da Aljeriya har Maroko, ya haye teku, aka tsare shi wata biyu a Sifen, ya kwana a titin Faris kafin wani mai horarwa ya karɓe shi. Da ya sami abin hannu ya buɗe wa yara gidan horo a ƙasarsu. Adesanya kuwa a makarantar sakandare a ƙasar Niyu Zilan yara suka riƙa cin zalinsa, wannan yana cikin abin da ya kai shi koyon faɗa.

To, ga abin da yara ba su sani ba, ya kamata ku faɗa musu. Ba ko ɗaya cikin mutum ukun nan da ya tashi ana bugun kansa tun yana ƙarami. Usman da kokawa ya fara, a makarantar sakandare a jihar Tekzas, ƙarƙashin malami, ya yi ta yi har ya ci gasar jami'o'i a 2010, sa'an nan ya shiga keji. Adesanya ya ɗan taɓa takwando yana firamare a Legas, da ya ji rauni mahaifiyarsa ta cire shi, bai koma faɗa sosai ba sai da ya kai shekara 18. Ngannou yana da shekara 22 ya fara koyon dambe. Har wa yau ku tuna musu da watan Agusta na 2022, sa'ad da Usman yake gab da cin karawarsa da Leon Edwards, saura kamar minti ɗaya a tashi, shuri ɗaya a ka ya shimfiɗe shi a sume. Zakaran duniya ke nan, da alƙali a kansa, da likita a gefe, da motar asibiti a ƙofa. A fegin bayan gari ba ko ɗaya cikin waɗannan.

Yana gyara hali ko yana ɓatawa?

Masu son wasan sukan ce yana koya wa yaro ladabi da kamun kai, yana raba shi da zaman banza. Masu ƙinsa sukan ce mugunta yake koyarwa. Masana sun gwada, abin da suka samu kuwa ya ba kowane ɓangare rabin gaskiya.

A 1986 wani malamin jami'a a Tekzas, Michael Trulson, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da samari 34 masu taurin kai. Ya kasa su uku, malami ɗaya ya riƙe su duka har wata shida. Kashi na fari aka koya musu takwando irin na gargajiya, da gaisuwa, da natsuwa, da jawabi a kan girmama mutum da kame fushi. Kashi na biyu aka koya musu bugu da kāriya tsurarsu. Kashi na uku suka yi waɗansu wasanni dabam. Da aka sake auna su, na fari zafin ransu ya ragu ƙwarai, na biyu kuwa nasu ƙaruwa ya yi. Yara 34 ba su da yawa, kada mu ɗora wa gwajin kayan da ya fi ƙarfinsa. Amma a 2005 waɗansu masana biyu a ƙasar Norwe, Endresen da Olweus, sun bi yara maza 477 masu shekara 11 zuwa 13 har shekara biyu, suka ga waɗanda suka shiga dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe sun ƙara faɗa da rashin ji a waje. Suka ce wani sashi na laifin yana ga irin mutanen da yaran suke cuɗanya da su a gidajen horon, masu ganin namiji shi ne wanda ake tsoro. Ku lura har kokawa tana ciki. Ashe dabarar faɗa ba ta zuwa ita kaɗai, tana zuwa da halin wanda ya koyar da ita. Kakanninmu da suka liƙa wa ɗan dambe sunan ubangidansa sun riga sun gane haka.

Maganar kai da wuya

Akwai inda ba gardama, shi ne ƙwaƙwalwa. Tana cikin ƙoƙon kai kamar ƙwai cikin ƙwarya mai ruwa. In aka bugi kai, sai ta girgiza ta bugi ƙashi. Ta yaro ba ta gama ƙosawa ba sai bayan ya wuce shekara ashirin, wuyansa kuma bai yi ƙwarin da zai tare bugun ba. Shi ya sa a 2011 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da na Kanada suka fito tare suka ce ba su yarda yara da matasa su yi dambe ba. A 2018 wani yaro ɗan shekara 13 ya mutu a ƙasar Tailan bayan an buge shi a damben ƙasarsu, gaban 'yan kallo. Ƙungiyar duniya mai shirya damben keji na masu koyo ma ta hana bugun kai ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Shaƙa kuwa ta fi saurin ɓarna. Hannun da aka saƙala a wuya yana toshe jijiyoyin da suke kai jini ka, cikin kamar daƙiƙa goma mutum ya suma. Wanda ya suma ba ya iya buga ƙasa, ba ya iya ihu, jikinsa saki yake yi, yaron da yake riƙe da shi kuwa zai zaci ya yi nasara ne kawai.

Ke uwa, in yaro ya shigo an buge shi a ka, ki sa masa ido kwana ɗaya ko biyu. In yana amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko jiri, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko ya manta abin da ya faru, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, kada a tsaya shafa man zafi. A kai shi asibiti nan da nan, ga Wusasa kusa, ga kuma asibitin koyarwa na Shika. Ko da ya ce ya warware, kada ya koma wasa a ranar, gama bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ne mafi muni.

Ni dai ban ga amfanin a ce wa yaro mai jini a jika ya zauna kamar tukunya ba. In ka hana shi a gida zai yi a bayan gari. In yana son koyo, kai uba ka tafi da ƙafarka ka ga mai koyarwa, ka zauna ka kalli darasi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ka ga ko yana haɗa yaro da sa'ansa, ko yana barin a bugi kai, ko yana dariya in ƙarami ya yi kuka, ko akwai warin hayaƙi a wurin. Ka tambaye shi abin da yake yi wa yaron da ya yi faɗa a makaranta. Judo da takwando da kokawa duka ana iya koyonsu ba tare da an taɓa kan yaro ba, 'yan mata ma suna iya koyo, wata rana ya yi musu rana a hanyar rafi ko ta makaranta. Abdul Razak Alfaga na Nijar ta hanyar takwando ya kawo wa ƙasarsu lambar azurfa daga wasannin Olamfik na 2016.

Kwana biyu bayan abin da na gani, na tafi wurin wani tsoho maƙwabcina, wanda ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, na ba shi labari. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, a turo mini su ran Asabar, amma kowa ya zo da iznin ubansa." Muka sa aka zubo yashi amalanke huɗu a fegin. Yara tara suka zo. Ya jera su bisa ga tsawo, ya karɓe wayar ya sa a aljihun rigarsa, ya ce yau ba wanda zai ka da wani, faɗuwa za a koya. Suka yi ta gunaguni, suka yi ta faɗuwa har rana ta yi ja. Babban nan da ya yi shaƙa ya tambaya yaushe za a kai ga naushi, tsohon ya ce masa ya tambayi mahauta in ya yi gemu. Asabar ta biye yara goma sha huɗu suka zo, har da 'yan mata biyu da suka tsaya daga bakin yashi suna jiran a ce su shigo.